Shawarwarin da aka tattara kan tafiya ƙasar waje ɗauko ɗan riƙo

Waɗanda suka taɓa yin wannan tafiya bakinsu ya zo ɗaya kan abu guda: takardu ne ke cin mutum, ba jirgi ba. Tun kafin a sayi tikiti, a bincika ko ƙasar tana cikin Yarjejeniyar Hague ta 1993 mai tsara ɗaukar ɗan riƙo tsakanin ƙasashe, kuma ko har yanzu tana ba baƙi yara. Habasha ta rufe ƙofa a 2018, Sin ma ta dakatar a 2024. Wasu ƙasashen Musulmi kamar Maroko kuwa kafala suka sani, wato riƙon da yaro ke ci gaba da riƙe nasabarsa.

Takardun asali su zauna a jakar hannu, a yi musu kwafi, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Tikitin dawowa ya zama wanda ake iya canza ranarsa, domin zaman kotu da bizar yaro kan ja lokaci.

An ɗan yi saɓani kan tufafin yaron. Ni dai na fi yarda da masu cewa a tafi da kaɗan, tunda ba a san girmansa ba sai an gan shi. Wata uwa ta ce a roƙi masu renonsa su bar masa bargon da ya saba da shi, kar a wanke, ƙanshin ne zai sa shi barci a daren farko.