Gawar da ke Alƙahira, ta Fir'aunan Annabi Musa ce?

Baban Sadiƙ: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan Isha'i mai wa'azin unguwarmu ya ce gawar Fir'aunan da ya yi jayayya da Annabi Musa (AS) tana nan a Masar, sunansa Ramsis na Biyu, daga Bahar Maliya aka tsamo ta, kuma da Turawa suka gwada sai suka tarar da gishirin teku a jikinta. Masallaci ya ɗau kabbara, har da ni. Da na dawo gida ina ba yara labari sai babban ya ce wai akwai gyara. Na ce yaron zamani ke nan, komai sai ya ce akwai gyara. Ku raba mana gardama.

Alaramma: Wa alaikumus salam Alhaji. Babu gyara a maganar Allah. Suratu Yunus aya ta 92: yau za Mu kuɓutar da kai da jikinka domin ka zama aya ga waɗanda ke bayanka. Ga aya, ga gawa. Me ya rage?

Ɗan Azhar: Allah ya gafarta Malam, ayar kam babu mai ja da ita. Inda gizo ke saƙar shi ne, wace gawa? Ni na je na gan shi da idona. Tun watan Afrilun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna maza da mata 22 daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa sabon da ke Fusɗaɗ. Ƙasa ake sauka, wuri mai duhu da sanyi, ba a yarda a ɗau hoto ba. Ramsis yana kwance cikin gilashi, dogon hanci lanƙwasasshe, kumatu sun shige, ga ɗan ragowar gashi ja-ja a gefen kai kamar na tsohon da ya sha lalle, hannunsa na hagu ya ɗan ɗago daga ƙirji. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Amma daga wajensa sai na wuce wajen ubansa Seti na Ɗaya, wanda fuskarsa ta ma fi tasa kyan gani, kamar mai barci. Ga ɗansa, ga waɗanda suka riga shi da shekaru ɗaruruwa, duk ba su ruɓe ba. In rashin ruɓewa ne hujja, to Fir'aunonin Annabi Musa sun kai ashirin.

Baban Sadiƙ: To su sauran ba daga teku aka tsamo su ba ai.

Malamin Tarihi: Baba, shi ma ɗin ba daga teku aka tsamo shi ba. A cikin dutse aka same shi, a Dairul Bahari, yamma da kogin Nilu daura da Luksor, can kudancin Masar. Ina jin sunan wurin ne ma yake rikita mutane, suna jin "Bahari" sai hankali ya tafi teku. Labarin gano shi sananne ne. Wasu 'yan gida ɗaya a ƙauyen Ƙurna, gidan Abdur-Rasul, su suka fara cin karo da ramin wajen 1871, suka yi gum, suna zarar kaya kaɗan-kaɗan suna sayar wa Turawa 'yan yawon buɗe ido. Da takardu da ƙananan gumaka masu sunayen sarakuna suka fara ɓulla a kasuwa, Gaston Maspero, Bafaranshen da ke shugabantar hukumar kayan tarihi, ya sa aka bi sawu. Aka kama ɗaya aka matsa masa, daga baya rigima ta shiga tsakanin 'yan'uwan, babbansu ya je ya tona. A watan Yulin 1881 ma'aikatan hukumar, Emil Brugsch da Ahmad Kamal, suka sauka ramin da igiya, suka tarar da akwatunan gawa jibge kan juna. Cikin kwana biyu suka kwashe komai don tsoron kada mutanen gari su far musu. Wannan gaggawar har yau masana na cizon yatsa a kanta, don ba a rubuta inda kowane akwati yake ba. Da jirgin ruwa ya ɗauko su zuwa Alƙahira, mata suka fito bakin kogi suna kururuwa, maza na harba bindiga, kamar yadda suke yi in babban mutum ya rasu.

Alaramma: To wa ya ce ba bayan ruwa ya jefo shi ne mutanensa suka ɗauke shi suka binne a dutsen ba? Ayar ma ai haka ta nuna.

Malamin Tarihi: Wannan magana ce mai kama hankali, Malam, ta fi ta "an tsamo shi a teku" nesa ba kusa ba. Sai dai jikin nasa bai taimaka ba. Ramsis ya yi shekara 66 yana mulki, daga wajen 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya mutu yana kusan shekara 90. Masu binciken gawar sun ga ƙashin bayansa ya sandare har ya ranƙwafa, haƙoransa sun lalace, ga ƙurji a muƙamuƙi. Tsoho irin wannan a kan keken doki yana bin mutane da gudu, abin da kamar wuya.

Maman Walida: Ni gishirin nan ne ya tsaya mini. In ba teku ba, ina ya samo shi?

Ɗan Azhar: Anti, abin yana cikin madafinki. Kanwa ce.

Maman Walida: Kai Ɗan Azhar, ban son wasa.

Ɗan Azhar: Wallahi da gaske nake. Abin da suke kira natron ɗan'uwan kanwar da ake kawo mana daga wajen Borno da Manga ne, haɗe da gishiri. Akwai kwarin da suke haƙo ta tsakanin Alƙahira da Iskandariyya, har yau sunansa Wadin Naɗrun. In sarki ya mutu sai su tsaga gefen cikinsa na hagu su fitar da hanji da hanta da huhu da tumbi, ƙwaƙwalwa kuma ta hanci suke zaƙulo ta. Zuciya ce kawai suke bari, don a addininsu ita za a ɗora a ma'auni a lahira, a auna ta da gashin tsuntsu. Sai su binne jikin cikin kanwar nan kwana 40 ta tsotse ruwan jiki tas, sannan a shafe shi da mai da ƙaro, a naɗe da lilin. Duka aikin kwana 70. Suna yi ne don sun yi imani kurwa tana fita tana dawowa, in ta dawo ba ta gane jikinta ba ta ɓata ke nan. Saboda haka duk wanda aka yi wa wannan aikin za a samu gishiri a jikinsa, ko bai taɓa ganin teku ba.

Maman Walida: Ikon Allah. Kamar dai yadda ake barbaɗa wa fatar layya gishiri kada ta yi wari kafin masu saye su zo.

Na Damagaram: Ku bari in shigo. Mu nan da faransanci muka karanta asalin maganar. Likita ne Bafaranshe, Maurice Bucaille, littafinsa ya fito a 1976, shi ya yaɗa batun nutsewar nan a duniyar Musulmi. Abin dariyar shi ne, shi ba Ramsis ya ce ya nutse ba. Cewa ya yi Ramsis ne ya azabtar da Bani Isra'ila, ɗansa Marnafta ne ya halaka a ruwa. A hanya ne labarin ya cakuɗe, saboda a shekarar nan ta 1976 aka kai gawar Ramsis birnin Paris don wani funfuna da ya fara cin ta, aka tarbe ta da faretin soja, aka yi mata magani aka maido ta a 1977. Mutane suka haɗa hoton uban da labarin ɗan.

Alaramma: Yauwa! To ashe dai akwai wanda ya nutse. Ba Ramsis ba, Marnafta. Mun dawo gida.

Malamin Tarihi: Ba mu iso ba tukuna Malam. Shi Marnafta labarinsa ya fi ban sha'awa. Da aka buɗe ramin 1881 ba a gan shi ciki ba, sai wasu Kiristocin Turai suka ce ai dole, yana ƙasan teku. Sai ga shi a 1898 Victor Loret ya same shi a Kwarin Sarakuna, maƙabartar Fir'aunoni da ke yamma da Luksor, an ɓoye shi da wasu sarakuna cikin kabarin Amenhotep na Biyu. Da aka kwance shi a 1907 aka ga fatarsa ta yi fari-fat da gishiri, sai magana ta juya, aka ce ga shaidar teku. Ka ga, rashinsa hujja, samunsa ma hujja. Shi ma dattijo ne, ɗa na 13 a wajen Ramsis, sai da yayyensa suka ƙare sarauta ta iso shi, ya yi wajen shekara 10 a kai. Kuma gawar da aka cire wa huhu, ta bushe shekara dubu uku, ba a iya tabbatar da nutsewa a jikinta. Yawancin masana tarihin Masar ba su karɓi maganar Bucaille ba.

Na Damagaram: Amma Malam kada ka ɓoye dutsen.

Malamin Tarihi: Ban ɓoye ba, ina zuwa. A 1896 Flinders Petrie ya haƙo wani babban allon dutse na Marnafta a yammacin Luksor, na shekara ta biyar ta mulkinsa, wajen 1208 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kirarin yaƙi ne, yawancinsa kan nasarar da ya yi a kan mutanen Libiya, amma can ƙarshe ya ce an ragargaza Isra'ila, irinta ya ƙare. Shi ne rubutu mafi tsufa da aka sani mai ɗauke da wannan suna. Masu goyon bayan Marnafta suna murna da shi, amma wuƙa ce mai baki biyu, don a jerin garuruwan Kan'ana ya ambace su. Wato a zamaninsa ba a cikin Masar suke ba, kuma yana raye yana cika baki a kansu.

Baban Sadiƙ: Ni tambayata, ta ina ma aka san wannan ne wane, wancan ne wane? Ba fasfo gare su ba.

Ɗan Azhar: Baba ka tuna mini, hoton fasfon Ramsis da ake ta turawa a waya ma haɗa shi aka yi da kwamfuta. Sunayen kuwa a rubuce suke. Bayan ɓarayi sun addabi kaburburan, limaman gunkinsu Amun suka tattara gawarwakin, suka sake naɗe su, suka rubuta suna da kwanan wata a kan likkafani da akwati, sannan suka ɓoye. Karanta rubutun kuma ya samu ne tun 1822, lokacin da wani Bafaranshe, Champollion, ya warware shi da taimakon dutsen Rashid, wani dutse mai ɗauke da magana ɗaya da rubutun Masar da na Girkanci, kuma sunan Ramsis na cikin na farko-farko da ya iya karantawa. Duk da haka akwai gawarwakin da masana ke zargin limaman sun rikita sunayensu, ko da yake ta Ramsis ba a cika jayayya a kanta ba.

Alaramma: Duk abin da kuka kawo na Turawa ne. Wane Bature, wane Bature. Mu da littafinmu.

Ɗan Azhar: Allah ya gafarta Malam, shi ma Bucaille ɗin Bature ne, kuma sunan Ramsis ba daga littafinmu ya fito ba. Alƙur'ani bai faɗi sunan Fir'auna ba, laƙabi ne, asalinsa a harshensu "babban gida", kamar mu ce fada. Masu cewa Ramsis daga Baibul suka ɗauko, inda aka ce Bani Isra'ila sun gina garuruwan Fitom da Ramases. Malamanmu na da irin su Ɗabari suna kawo sunan Walid bin Mus'ab ne. A tafsirin ayar kuma, abin da Ibn Kasir ya kawo shi ne wasu daga Bani Isra'ila sun yi shakkar mutuwarsa, sai Allah ya sa teku ta jefo gawarsa kan tudu suka gani. Ayar ta cika tun ranar. Abin da nake tsoro shi ne mu ɗaure ta a jikin gawa guda, gobe bincike ya nuna wannan ciwon haƙori ne ajalinsa, yaro ya ɗauka ayar ce ta faɗi.

Alaramma: "Waɗanda ke bayanka" bai tsaya kan Bani Isra'ila ba. Mu ma muna bayansa. Ni a nan na tsaya: gawar tana nan, ko cikin 22 ɗin, ko ba a tono ta ba tukuna.

Malamin Tarihi: Wannan kam ba zan iya ƙaryata ka ba, kai ma ba za ka iya nuna mini ita ba.

Maman Walida: Ni dai an ɓata mini miyar kuka yau, ina ɗauko kanwa sai na tuna Fir'auna.

Baban Sadiƙ: To yanzu ni me zan ce wa yaron nan? Tun ɗazu yake leƙen wayata yana murmushi. Ɗan Azhar, in ka zo hutu ka biyo ta gida, kai da shi ku je wajen mai wa'azin, ni ba ruwana.