Contemplation: ni dai na tsaya a kan "addu'ar natsuwa"

Jama'a, kalmar Turancin da muke nema wa fassarar Hausa ita ce contemplation, yadda marubutan Kirista ke amfani da ita a maganar addu'a, kuma wasu a cikinmu sun riga sun kawo shawarwari. Masu fassara da dama suna ba ta "zuzzurfan tunani" su wuce. Su zo kan meditation su ba ta shi, su zo kan zaman mabiya Buda da na masu yoga su sake ba su shi. Abubuwa uku ne daban, an raɗa musu suna ɗaya.

Aibin "tunani" shi ne, abin da ake nufi yana farawa ne daga inda tunani ya tsaya. A ƙarni na 12, Guigo na Biyu, shugaban gidan zuhudun Grande Chartreuse a Faransa, ya jera matakai huɗu da Latin: lectio, meditatio, oratio, contemplatio. Ka karanta aya, ka yi ta juya ta a baki da zuci, ka roƙi Allah a kan abin da ta tayar maka, sannan a na huɗu ka yi shiru a gabansa. Tun kafin shi, Evagrius, wani ɗan zuhudu Kirista wanda ya rasu a hamadar Masar a 399, ya ce addu'a ajiye tunani ce. To ta yaya za a kira ajiye tunani da zurfafa shi?

Mataki na biyu ba ya neman suna, yana da shi: bimbini. Kiristoci masu Hausa sun daɗe suna cewa bimbini a kan Maganar Allah, kuma ya zauna daram, don kalmar Ibrananci da ke Zabura 1:2 ma tana nufin maimaita magana ƙasa-ƙasa. Na huɗun ne maraya.

Malamin da ya ba da shawarar a fassara ta da tafakkuri ko tadabburi, Allah ya ƙara sani, amma duka biyun aikin hankali ne, 'yan'uwan bimbini. Halwa kuwa keɓewa ce. Mutum na iya shiga halwa zuciyarsa tana yawo. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce mushahada, wato gani da idon zuci, don Girkawa ma theoria suke cewa, wato gani. Sai dai mushahada da 'yar'uwarta muraƙaba, wato kiyaye cewa Allah yana ganinka, suna da masu su. Musulmi zai ɗauka matakan tasawwufi ake nufi, Kirista kuma bai san su ba. A bar wa Sufaye kayansu.

Natsuwa fa? 'Yan zuhudun Dutsen Athos a Girka suna kiran hanyarsu da hesychia, ma'anarta natsuwa da shiru. Malamin coci Gregory Palamas ne ya kare su, majalisar coci a Kustantiniya ta ba shi gaskiya a 1351. Mutum zai zauna a 'yar kujera gajera, ya sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, igiyar ulu mai ƙulle-ƙulle a hannu, yana bin numfashinsa da kalma guda: Ya Ubangiji Yesu Almasihu, Ɗan Allah, ka ji tausayina.

Yanzu dubi mai Zen, wani reshe na addinin Buda, a Japan. Ya naɗe ƙafa a kan matashi, baya a miƙe, ido rabi a buɗe, sabon shiga yana ƙirga numfashi daga ɗaya zuwa goma, in hankali ya kuɓuce ya koma ɗaya. Daga waje sai ka rantse abu ɗaya suke yi da ɗan zuhudun Athos. Amma mai Zen ba ya kiran kowa. A koyarwar Buda babu Mahalicci da ake roƙo, babu ma "ni" mai dawwama da zai yi roƙon. A Advaita, koyarwar malamin Hindu Shankara a Indiya, kuwa, burin shi ne ka gane kai da Brahman, wato asalin komai, ba biyu ba ne. Kirista ko ya kai ƙololuwa, bawa yana nan bawa, Ubangiji yana nan Ubangiji.

Don haka nake ganin a raba: addu'ar natsuwa ga na Kirista, zaman natsuwa ga dhyana, kalmar Sanskrit da ta zama chan a Sin, ta zama zen a Japan. Zazen ma, sunan wannan zama na masu Zen, "za" ɗin zama yake nufi. Natsuwar ta haɗa su, kalmar farko ta raba su. Kusan a nan Batikan, fadar Paparoma, ta ja layi a wasiƙarta ta 15 ga Oktoba 1989 kan addu'ar Kirista: ba ta hana aron salon zama ko numfashi daga waɗannan hanyoyi ba, ta dai yi kashedin kada a ɗauki daɗin da jiki ke ji a matsayin aikin Ruhu Mai Tsarki.

Wata malama a cikinmu ta ce natsuwa mutum ke yin ta, alhali contemplation kyauta ce. Magana ce mai nauyi. Teresa ta Avila, 'yar zuhudu a Spain wadda ta rasu a 1582, ta kwatanta addu'a da ban ruwan lambu: da fari ka ja guga daga rijiya, daga baya na'urar ɗibar ruwa, sai rafi, a ƙarshe ruwan sama wanda ba hannunka. Amma Hausa ta ɗauki duka biyun ba wahala. Muna cewa "ya natsu", muna kuma cewa "natsuwa ta sauko masa". Gwada wannan da "tunani" ka ji yadda yake karyewa.

Inda rabona ya gaza shi ne masu bhakti, wato bautar ƙauna ta mabiya Hindu a Indiya, da ke jan carbi mai ƙwaya 108 suna kiran sunan Rama ko Krishna, da mabiya Buda na Japan masu kiran sunan Buda Amida. Waɗannan suna kiran wani, don haka "zaman natsuwa" bai rufe su ba. Na so in ce "ambato", amma ina son jin ta bakinku tukuna.