Taƙaitawa: izinin kwana da na jirgin ruwa a gandun Everglades

Ga abin da na tattara daga tattaunawarmu kan Everglades, gandun daji mai fadama da ke Florida, Amurka:

1. Kowa ya yarda kwana a cikin dajin sai da izini, ana nemansa a shafin intanet na Recreation.gov tun kwana 90 kafin tafiya. Guraben dandamalan katako da ake kafa tanti a kansu bisa ruwa su ke fara ƙarewa.
2. Mai tuƙa jirgi mai inji dole ya yi darasin gandun ta intanet, kyauta, ya riƙe shaidarsa.
3. A nan aka rabu. Wasu sun ce a je tsakanin Disamba da Afrilu, lokacin sauro ya ragu. Wasu sun gwammace damina don babu cunkoso. Ni dai ba zan kai yara da damina ba.
4. A tafi da ruwan sha isasshe, can ciki babu.