Sharar 'Yankaba: wa zai dawo mana da ita gona?

Dattijo daga Jogana: Salamu alaikum. Maganata ɗaya ce, ƙaramar hukuma ce ya kamata ta kwaso sharar kasuwar 'Yankaba da ke birnin Kano ta kawo mana gona. Kayan miya daga ƙauye suke shiga birni, su ruɓe, a tara su a juji. Muna yara iyayenmu kan kai kara da itace Kano a kan jaki, su dawo da mangala cike da toka da kashin awaki. Gonakin nan ba a barin su su huta, da wannan takin aka riƙe su. Yau buhun takin zamani ya fi ƙarfinmu, ga namu can yana wari.

Direban tifa: Baba, a gafarce ni, sharar da ba ita ce ta yanzu ba. Ni nake ɗauka, na san cikinta. Leda ce, da fasassun kwalabe, da matattun batura, har da allurai. Bara na sauke wa wani tifa biyu, har aka yi girbi yana tsintar leda. Akuyarsa ta daina cin abinci, da aka yanka, leda aka ciro a tumbinta. Har yau kunyarsa nake ji.

Tsohon kansila: A doka Baba yana da gaskiya. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kasuwanni da mayanka da kwashe shara. Amma a birni hukumar jiha, REMASAB, ita ke aikin kwashe shara. Kuma 'Yankaba ba a ƙasar ƙaramar hukumarmu ta Gezawa take ba, ciyaman ɗinmu ba shi da ikon tura mota can sai da yarjejeniya.

Dattijo daga Jogana: To a yi yarjejeniyar mana, ranka ya daɗe. Ba Kotun Ƙoli ta ce a watan Yulin 2024 a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ba?

Tsohon kansila: Ta ce. Ku je ku tambayi abin da ya shigo hannu.

Malamin gona: Baba da direba, ku biyun kuna magana ne a kan shara iri biyu. Ta unguwa ta gauraya, ba na ba kowa shawarar ya zuba ta a gona. Ta kasuwannin 'Yankaba da 'Yan Lemo yawancinta ganye ne da ɓawo da ruɓaɓɓen tumatir, a hannun masu kwasa take haɗuwa da leda. In an ware tun a rumfa an gama rabin aiki. Sai fili, a jera ta hawa-hawa da kashin shanu da toka, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa. Wata biyu zuwa uku ta nuna ta zama taki, zafin cikinta ya kashe yawancin irin ciyawa. Ɗanya kuwa tana iya ƙona shuka. Fili da doka kawai nake nema wajen hukuma, ta sa sarkin kasuwa ya tabbatar ana warewa.

Hajiya mai kiwo: Malam, kun manta da mu. Ganyen kabeji da ɓawon kankana ba shara ba ne, yaranmu ke ɗebo wa tumaki. In hukuma ta ba ɗan kwangila duka, mu sayi dusa da me? A bar dabba ta fara ci, kashinta ai gonarku zai je.

Malamin gona: Wannan haka yake, Hajiya. Abin da dabba ta ƙi shi za a kai filin haɗa taki.

Direban tifa: Saura man gas. Wa zai biya?

Dattijo daga Jogana: Ɗana, motocin da ke kai gwari 'Yankaba da asuba, da me suke dawowa ta titin Haɗeja?

Direban tifa: Wayam suke dawowa, Baba. Amma mai mota ba zai yarda a zuba ruɓaɓɓen tumatir inda gobe zai loda latas ba, sai dai a ɗura a buhu.