Shamuwa ta dawo kan gawonmu

Manomin Tawa: Salamu alaikum. Shekaranjiya da asuba na ga shamuwa biyu kan gawon bayan gidanmu a ƙauye, suna ta jigilar ƙirare a baki. Wallahi raina ya yi fari, tun bara nake jiransu. Amma yara sun dame su da kallo. Ko za su bar sheƙar?

Dattijo: Wa alaikumus salam ɗana. Shamuwa ta saba da mutane, kallo ba ya korarta, jifa ne matsala. Ka kuma gyara irin hatsinka, ruwa ya kusa.

Uwar gida: Mu nan zabi ne suka fara ƙwai a gindin kalgo. Kaza nake sa wa ta kwanta musu.

Manomin Tawa: Na gode Baba. Yanzu na karɓe danƙon ƙaramin yaran.