Kuɗin uba ne suka ci wa Abhinav Bindra zinare, ko hannunsa?

Auwalu: Jama'a, maganar da na faɗa jiya ban janye ta ba. Zinaren da Abhinav Bindra ya ci wa Indiya a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, a harbin bindigar iska daga nisan mita 10, dukiyar mahaifinsa ce ta ci shi. Uban babban ɗan kasuwa ne, ya gina masa filin atisaye a cikin gida kusa da Chandigarh, ya riƙa tura shi Jamus neman horo. Duk yaron da aka yi wa wannan gata zai kai inda ya kai.

Hajiya Binta: Auwalu ɗana, "duk yaron" fa ka ce. 'Ya'yan masu kuɗi nawa ne a Indiya? Ƙasa mai mutum fiye da biliyan ɗaya, amma kafin 11 ga Agusta 2008 babu ɗan Indiya ko ɗaya da ya taɓa cin zinaren Olamfik shi kaɗai. Duk zinaren da suke da shi a lokacin na ƙungiyar hoki ne. Da kuɗi ne kawai, ai da tuni an tara su.

Auwalu: Hajiya, ba kowane mai kuɗi ne ke sa ɗansa harbi ba. Shi nasa uban ya sa.

Malam Sani: Bari in shigo, don na ga kamar ba a san yadda wasan yake ba. Tsakiyar allon da ake auna, wurin da ke ba da maki 10, ɗigo ne mai faɗin rabin milimita. Ka ɗauki biro ka ɗiga a takarda, kusan shi ke nan. Mutum zai tsaya a ƙafafunsa, ba jingina, bindiga mai nauyin kilo huɗu zuwa biyar a kafaɗa, ya saki harbi 60 a zagayen farko. Bugun zuciyarsa kaɗai na iya karkatar da bakin bindigar. Shi ya sa suke koyon riƙe numfashi, su taɓa kunamar a hankali kamar mai tsoron tada jariri daga barci.

A Beijin Bindra ya shiga zagayen ƙarshe yana na huɗu da maki 596. Aka yi harbi tara, ya zamana shi da Henri Häkkinen na ƙasar Finlan sun yi kunnen doki, saura harbi ɗaya tak. Bindra ya harba 10.8, alhali mafi girman makin da ake samu 10.9 ne. Häkkinen ya samu 9.7, ya sauko na uku, Zhu Qinan na Sin ya ɗauki azurfa. Jimillar Bindra 700.5. Auwalu, a wannan daƙiƙar mahaifinsa ba shi da abin da zai iya yi masa sai addu'a. Kuma shi ɗan Finlan ɗin ba daga ƙasar matalauta ya fito ba.

Hadiza: Malam, na yarda da kai a kan harbin ƙarshe, amma Yaya Auwalu na da rabin gaskiya kuma bai kamata a danne ta ba. Bindigar gasa, da rigar nan mai tauri, da wando da takalmi na musamman, da dubban harsasan dalma na atisaye, duk kuɗi ne masu yawa. Mai horar da shi, Gabriele Bühlmann, daga Suwizalan take. Yana ɗan shekara 17 ya je Olamfik ta Sidni a 2000. Ɗan mai jan keke a Delhi a wannan shekarun ko bindigar bai taɓa gani ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yaran da ke da irin wannan hannu amma ba wanda ya taɓa miƙa musu bindiga a gwada su.

Auwalu: Yauwa ƙanwata, abin da nake nufi ke nan.

Hadiza: A'a Yaya, ba shi ka faɗa ba. Kai cewa ka yi kuɗi ne suka ci. Ni na ce kuɗi ne suka kai shi bakin layi.

Hajiya Binta: Ku tuna da Olamfik ta Atens a 2004. Bindra ya samu 597 a zagayen farko, ya zo na uku, amma a zagayen ƙarshe ya ƙare na bakwai. Daga baya aka gano daɓen katakon da ya tsaya a kai yana motsi. Sai ciwon baya ya biyo, wanda ya hana shi ɗaukar bindiga na watanni. Yaron da gidansu ke da komai, me zai hana shi ajiye bindiga ya koma kasuwancin ubansa? Bai ajiye ba. A 2006 ya ci gasar duniya a Zagreb, shi ne ɗan Indiya na farko da ya yi haka a harbin bindigar iska. Wannan naci nasa ne, ba a gadonsa a banki.

Malam Sani: Kuma in kuɗi ne ke ci, Auwalu, a ina suka shige a Landan 2012, inda ko zagayen ƙarshe bai kai ba, Gagan Narang ne ya ɗauko wa Indiya tagulla? A Riyo 2016 kuma ya zo na huɗu bayan harbin raba gardama da Serhiy Kulish na Yukren, daga nan ya yi ritaya. Filin gidan yana nan, dukiyar tana nan.

Auwalu: Wannan na karɓa, Malam. Amma a nuna mini talakan da ya ci lamba a wasan.

Hadiza: Swapnil Kusale, ɗan wani ƙauye a yankin Kolhapur, mahaifinsa malamin makaranta, shi kuma a lokacin ma'aikacin duba tikiti ne a jirgin ƙasa. Ya ci tagulla a harbin mita 50 a Paris 2024. Sai dai shirin wasanni na gwamnatin jiharsu ta Maharashtra ne ya ɗauke shi tun yana yaro.

Auwalu: To kin gani, shi ma wani ne ya biya. Zan gyara maganata zuwa haka: Bindra ya ci da hannunsa, amma da ba a saya masa shekarun atisayen ba, da ba mu san sunansa ba. A kan wannan kam ina nan daram, Hajiya.