Horford mai shekara 39: kwantai ne ko tsohuwar zuma?

Ɗan Autan Curry: Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau sai na amayar da abin da ke cina, wanda zai ji haushi ya ji. Tun farkon Yuli aka buɗe kasuwar 'yan wasa, ga Agustan 2025 na shirin ƙarewa, Golden State, ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando a gasar NBA ta Amurka, ba ta kawo mana kowa ba. Looney da ya ci kofi uku da mu ya tattara ya koma New Orleans muna kallo. Wai yanzu Al Horford, ɗan tsakiyar da ya baro Boston, ake jira, mutumin da aka haifa a 1986! Manyan 'yan wasanmu ma Curry shekara 37, Draymond 35, Butler zai cika 36 a Satumba. A watan Mayu na hana idona barci, ina kallo Curry ya dafe bayan cinyarsa ta hagu a wasan farko da Minnesota, ya fita bai dawo ba, suka yi mana huɗu a jere. Har yau abin bai bar raina ba. Tsufa ne ya kayar da mu, sai kuma a ce maganinsa a ƙaro wani tsohon? Mu ba wurin sauke kwantan Boston ba ne.

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Ƙanena, janye kalmar nan tukuna sannan mu yi magana. Kwantai shi ne kayan da aka kasa a kasuwa har rana ta faɗi ba wanda ya taya. Horford an taya shi. Jira yake a gama da maganar sabon kwantiragin Kuminga, matashin ɗan wasanmu.

Ɗan Autan Curry: Yaya, wata biyu yana zaune ba shi da ƙungiya. In ba kwantai ba, me sunansa?

Baban Ilham: Sunansa mai haƙuri. Ka san yadda dokar albashi take kuwa? Abin da za mu iya ba shi bai wuce dala miliyan 5.7 a shekara ba, kuma da zarar an yi amfani da wannan kason, akwai rufin albashin da ƙungiya ba ta isa ta tsallake ba a kakar gaba ɗaya. Dunleavy, babban manajan ƙungiyar, ba zai sa hannu ba sai ya san nawa Kuminga zai ci. Wanda ya zauna yana jiranka alhali yana da wurin zuwa, ba ka ce masa kwantai ba.

Na Boston Har Abada: Ku bar ni da yaron nan. Kai Auta, ka kalli wasan farko na zagayen ƙarshe na 2022 a gidanku? Maki 26 wannan “kwantan” ya zuba muku, jifan maki uku guda shida, a zangon ƙarshe muka yi muku 40 da 16. Kuma mu ba korarsa muka yi ba. Jijiyar agarar tauraronmu Tatum ce ta tsinke a wasa da New York, shugabanni suka ga bana ba shekarar kofi ba ce, suka sallami Holiday zuwa Portland, Porzingis zuwa Atlanta don rage harajin da NBA ke ɗora wa ƙungiya mai yawan albashi. Wallahi ranar da na fahimci Horford ba zai dawo ba, jikina sanyi ya yi.

Sarkin Yaƙin Draymond: A wasa na biyu fa maki nawa ya ci? Biyu! Ka faɗi wannan mana. Kuma a ina aka ɗaga kofin? A gidanku, wasa na shida, Curry ya ci 34. Wa ma ya sako ɗan Boston cikin maganarmu?

Na Boston Har Abada: Kofi 18 ne ya sako ni. Naku nawa?

Sarkin Yaƙin Draymond: Rabinsu tun kafin a haifi babanka aka ci su.

Na Boston Har Abada: Kada ka sake sako mahaifina a maganar ƙwallo. Na faɗa maka.

Shugaban Zaure: Sarkin Yaƙi, ka ba shi haƙuri. Ba ma taɓa iyaye a nan.

Sarkin Yaƙin Draymond: Allah ya huci zuciyarka, ban yi nufin cin fuska ba. Amma maki biyun nan suna nan.

Maman Sultan: Ni dai a ganina Auta bai yi ƙarya ba, sai dai ya makara da kalmar. Horford ya taɓa yin kwantai na gaske. A 2019 Philadelphia ta ba shi kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 109, bai dace da tauraronsu Embiid ba ko kaɗan, bayan kaka ɗaya sai da suka haɗa da damar zaɓin sabon ɗan wasa a zagayen farko kafin Oklahoma ta karɓe shi. A can ma wasa 28 ya buga aka ce ya je ya huta. To wannan fa, Baban Ilham, me za ka kira shi?

Baban Ilham: Hajiya, ai kin kawo mini hujja ne. Mutumin da aka ajiye yana da shekara 34 aka ce ya ƙare, ya koma Boston, ya kai wasan ƙarshe a 2022, ya ɗaga kofi a 2024. Da Porzingis ya ji rauni shi aka dora wa tsakiyar. Na tuna wasa na biyar da Cleveland, maki 22, ƙwallo 15 ya tsinto daga allo, yana ihu yana dukan ƙirji, filin gaba ɗaya ya miƙe tsaye. Kwantai ba ya yin haka. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗan Autan Curry: Karen bana shi ke maganin zomon bana. Oklahoma da ta ci kofin bana da tsofaffi ta ci?

Koci: Yara, ku saurara. Na daɗe ina kallon wasan nan kafin yawancinku su san kwando. Ba shekaru ake tambaya a kan dogon ɗan tsakiya ba, abin da ake tambaya shi ne da me yake cin abinci. Wanda ƙarfinsa tsalle ne da gudu, gwiwa na sakinsa ya gama. Wanda ƙarfinsa sanin inda zai tsaya ne, da miƙa ƙwallo, da jifan nesa, yana daɗewa. Horford a kakar 2022 zuwa 2023 sama da kashi 44 cikin ɗari na jifansa na maki uku ya shiga. Ku duba abin da hakan zai yi mana: Draymond da Butler duk ba masu jifan nesa ba ne, in ka ƙara musu ɗan tsakiyar da ba ya jifa, abokan hamayya sai su cunkushe ƙarƙashin kwando, mutum biyu su bi Curry. In Horford na tsaye a bayan layi, dole dogonsu ya fito ya same shi, hanya ta buɗe. Sannan Draymond tsayinsa mita 1.98 ne. Kun ga yadda Adams da Sengun suka riƙa danne shi wasa bakwai da Houston, yana turawa da ƙirji yana haki. Mutum mai shekara 35 ba zai yi wannan aikin wasa 82 ba. David West yana dab da cika 36 ya zo mana a 2016, daga benci yake tasowa, kofi biyu ya tafi da su. Inda nake da damuwa ɗaya ne: a Boston ba ya buga wasa biyu a kwana biyu a jere. Duk daren da ya huta, sai matasan 'yan tsakiyarmu, Post ko Jackson-Davis.

Ɗan Autan Curry: Ranka ya daɗe, da girmanka, to ai maganata ke nan. Za mu ɗauki mutumin da sai an zaɓar masa ranar aiki. Shaq ma da Boston ta ɗauke shi yana 38, wasa 37 ya buga ya yi ritaya. Olajuwon da ya koma Toronto a 2001 kaka ɗaya ya yi. Duk kwantai ne aka saya da tsohon suna.

Malam Na Houston: Innalillahi! Olajuwon ne kwantai? Yaro, ka san wa kake magana a kai? Kofi biyu a jere, 1994 da 1995, kaka 17 a Houston, har yau ba wanda ya kai shi yawan tare ƙwallo a tarihin NBA. A 1995 ya share Orlando ta Shaq huɗu ba ko ɗaya. Ka goge wannan saƙon.

Ɗan Autan Curry: Malam, na Toronto na ce, ba na Houston ba.

Malam Na Houston: Mutum ɗaya ne! Bakin da zai kira shi kwantai bai san ƙwallon kwando ba. Ku da kuka fara kallo a 2015 kun ɗauka da Curry aka ƙirƙiro wasan.

Sarkin Yaƙin Draymond: To ga shi kuma. Duk wanda ya rasa hujja sai ya ce mun fara a 2015. In a 2015 muka fara, kofi huɗu muka gani da idonmu. Kai tun 1995 me ka gani? A watan Mayu ma mu muka fitar da ku, a gidanku.

Maman Sultan: Ku dakata, duk kun bar tushen. Wanda ya mayar da mutane kwantai Kerr ne, mai horar da ƙungiyarmu. Wiseman na biyu aka zaɓe shi a 2020, a 2023 aka tura shi Detroit. Kuminga na bakwai a 2021, an zaunar da shi a benci lokacin da wasa ya fi zafi, da Curry ya ji rauni aka tuna da shi ya ci wa Minnesota 30 a wasa na uku. Yaro ɗan shekara 22 ana wulaƙanta shi, ana lallashin ɗan 39. Abin na ƙona mini rai.

Baban Ilham: Wiseman da ya je Detroit me ya yi? Kuma wasan da Kuminga ya ci 30 ɗin, mun ci ko an ci mu?

Maman Sultan: An ci mu, amma shi kaɗai ne da Butler suka tsaya. Na ga wani bidiyo ma da aka nuna Kerr ba ya ko kallonsa in ya fito daga fili.

Baban Ilham: Turo bidiyon.

Maman Sultan: Zan nemo.

Na Boston Har Abada: Ni roƙona ɗaya, in kun same shi ku riƙe shi da mutunci. Wasan fidda gwani 141 ya buga kafin ya taɓa taka wasan ƙarshe, bai taɓa ɗaga murya ya zargi kowa ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Na farko, an yi ittifaƙi kalmar kwantai ba ta dace da Horford ba, kuma Auta ya yi kuskure babba da ya taɓa Olajuwon. Na biyu, Koci ya yi bayanin da ba wanda ya iya rushewa, cewa Horford ne irin ɗan tsakiyar da Curry yake bukata, kuma a dala miliyan 5.7 kyauta ce. Na uku, jinkirin nan duk Kuminga ne ya jawo shi, in ya ga dama ya karɓi tayin dala miliyan 7.9 na shekara ɗaya kafin 1 ga Oktoba ya sakar mana mara. Mafi rinjaye sun goyi bayan a ɗauko Horford.

Maman Sultan: Shugaba, wane rinjaye? Kuma ni Kerr na zarga, yaushe aka ce laifin Kuminga ne?

Ɗan Autan Curry: Koci da bakinsa ya ce mutumin ba ya buga kwana biyu a jere, ba ka sa wannan ba. Tambayata tun farko ita ce wa zai tsare dogayen abokan hamayya irin su Jokic da Gobert da Zubac in tsofaffin nan huɗu sun gaji a watan Afrilu. Ba wanda ya amsa mini, kuma ban janye kalmata ba.

Shugaban Zaure: An rufe wannan maganar. Sai da safe.